Ɗana, Duba Wanda Ya Koma Gefe

Ɗana, matso kusa mu yi magana a kan abin da na san tsaranka da yawa za su ji su yi dariya, su ce dattijo ya rasa abin da zai yi nasiha a kansa sai ɗan kare. Ƙyale su da dariyarsu. Ni dai na san abin da ke damunka. Karyarka ta haihu, ka leƙa ka ƙirga 'ya'ya shida ko bakwai, kowanne ya cafki nono yana tsotso yana tura ƙafa, sai guda ɗaya da ya koma gefe, ba ya ƙaruwa, ba ya kutsawa cikin 'yan'uwansa, in ya yi kuka ma wani siririn kuka ne da ba ya yankewa. Ka zuba masa ido kwana biyu kana cewa zai warware. Yau da safe ka ɗaga shi, ka ji shi laƙwas a tafin hannunka kamar jiƙaƙƙen tsumma, abin ya tsaya maka a rai, kuma kana jin nauyin faɗa wa kowa cewa ya tsaya maka. To kada ka ji nauyi. Wanda zuciyarsa ta motsa saboda abin da ba ya iya roƙonsa komai, akwai alheri a tare da shi. Abin da ya rage shi ne a haɗa alherin da sani, domin na ga tausayin da ba sani a cikinsa ya yi kisa, kuma da hannuna ya yi.

Shekarun baya muna zaune a bayan gari, inda gonaki suka fi gidaje yawa, ina da wata jar karya da ke tsare mana awaki da 'yar gonar da ke bayan katanga. Ta haihu wajen ƙarshen Disamba, tsakiyar hunturu, a wani kango da ba ƙyaure, a kan dandamalin siminti. Kwana uku da haihuwa na fito bayan sallar asuba, na tarar da ƙaramin cikinsu can nesa da uwar, jikinsa sanyi ƙalau. Na yi abin da kowa zai yi. Na aika aka samo madarar shanu, aka ɗumama, na kwantar da shi rigingine a cinyata kamar jariri, na riƙa ɗura masa da cokali ina jin daɗin ina aikin lada. Ina cikin ba shi na ga madarar tana fitowa ta hancinsa. Kafin azahar ya mutu. Na ce kwanansa ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, kwana ba ya wuce ranarsa, amma har yau na san ni ne sanadi.

Bayan kwana biyu na biyu ya kama hanyar ɗan'uwansa. Allah Ya taimake ni, maƙwabcinmu wani tsohon maharbi da duk unguwa ke kira Baba ya shigo aron gatari. Ya tsuguna, ya sa ƙaramin yatsansa a bakin kwikwiyon, ya ɗago ya ce, "Malam, bakinsa ya yi sanyi. Wanda bakinsa ya yi sanyi ba a ba shi abinci." Na ce, "To Baba, yunwa fa?" Ya ce, "Yunwa ta jira." Sai ya ɗaga rigarsa ya manna shi a fatar cikinsa, ya saki rigar, ya nemi tabarma a wurin da hantsi ke bugawa ya zauna, ya manta da gatarin da ya kawo shi. Muna nan muna hirar farashin dawa har kusan awa biyu, sai na ga rigar tana motsi. Ya fito da shi, ya sake gwada masa yatsa, wannan karon ya cafke yana tsotsa. Baba ya kwashe manyan nan guda biyar ya zuba su a kwando, ya kwantar da karyar yana shafa mata wuya, ya matse nono na can baya har ɗigo ya fito, ya sa bakin ƙaramin a kai, ya tallafe shi da hannu har ya ƙoshi ya saki da kansa. Wannan karen ya shekara tara yana kwana a bakin garken awakina.

Sai daga baya wani likitan dabbobi ya fayyace mini dalilin abin da Baba ya sani da gogewa. Babban kare zafin jikinsa yana tsakanin digiri 38 da 39 a ma'aunin Salshiyas, kuma shi ke riƙe da zafinsa. Kwikwiyon da aka haifa yau nasa bai wuce 35 zuwa 37 ba, kuma ba ya iya riƙe shi da kansa sai ya kai sati uku zuwa huɗu. A kwanakinsa na farko ko rawar sanyi bai iya ba. Ɗuminsa aro ne, daga cikin uwarsa da jikin 'yan'uwansa. In ya zame daga cikinsu ya kwanta a kan siminti cikin daren hunturu, lokacin da mu manya ma muke neman bargo na biyu, jikinsa yakan huce kamar yadda koko ke hucewa a buɗaɗɗen kwano. Idan zafin ya sauka ƙasa da digiri 34 ko kusa da haka, hanjinsa yakan tsaya da aiki, ƙarfin tsotso da haɗiya ya tafi. Duk abin da ka ɗura masa a wannan hali, ko ya zauna a ciki ya ruɓe, ko ya dawo ya bi hanyar numfashi ya shiga huhu. Abin da ya sami nawa ke nan. Ita kuma uwar, in ta ji ɗa ya yi sanyi ba ya motsi, sai ta ture shi gefe da hanci, mutane su ce ta ƙi shi ko ta ga mutuwa a jikinsa. Sau da yawa in ka ɗumama shi ka mayar, za ka ga ta karɓe shi tana lasa kamar ba ita ba.

Saboda haka, ɗana, ɗumi ne farko, kuma a hankali ake yinsa. Kada gaggawa ta sa ka kanga shi a garwashi ko ka tsoma shi a ruwan zafi, don garin gyaran gira sai a rasa ido. Jikinka ya fi komai dacewa, kamar yadda Baba ya yi. In ba ka da sukunin zama, cika robar ruwa da ruwan ɗumi, ka naɗe ta da tsumma, ka sa a kwali tare da shi, ka riƙa juya shi, ka kuma bar masa wurin da zai ja jiki in zafi ya yi masa yawa. Awa ɗaya zuwa uku ake so abin ya ɗauka. Kaskon wuta a rufaffen ɗaki kuwa kada ka soma, hayaƙin gawayi da ba a gani yana kashe mutum ma, balle abin da bai cika tafin hannu ba. Yayin da kake jiran ya ɗumama, jiƙa sukari kaɗan a ruwa mai tsabta, ka dangwala da yatsa ka shafa masa a dasashi, ɗigo ɗaya ko biyu kawai, domin ɗan abin da ya tara a jikinsa ba ya daɗewa yake ƙarewa, kuma in sukarin jininsa ya faɗi sai ka ga yana sandarewa ko yana shure-shure. Shafawa na ce, ban ce ɗurawa ba.

Shi ma wurin kwanansu ka gyara. Ɗauke su daga kan siminti, ka shimfiɗa buhu da tsummoki ko busasshiyar ciyawa a cikin babban kwali ko wani lungu da iska ba ta ratsawa, ka riƙa canja shimfiɗar in ta jiƙe. Su da kansu za su gaya maka ko wurin ya yi. In ka ga sun hau kan juna sun dunƙule suna ƙananan koke-koke, sanyi suke ji. In ka ga sun warwatsu kowa ya miƙe ƙafa baki buɗe, zafi ne, kuma wannan yakan faru a bazara ƙarƙashin rufin kwano, inda zafin Afrilu ke kashe su kamar yadda sanyin Janairu ke yi. Masu lafiya kwance suke gefe da gefe, cikinsu a cike, yawancin yini barci suke, suna ɗan zabura cikin barcin. Wannan zaburar alama ce mai kyau. Wanda ya kwanta shiru ba ko motsi, shi za ka taɓa.

Idan ya ɗumama ya kama yatsanka da ƙarfi, to lokacin nono ya yi, kuma babu nonon da ya kai na uwarsa. Dakashin da ke fitowa ranar farko shi ne garkuwarsa daga cututtuka, kuma hanjinsa yana iya karɓar wannan garkuwa ne a cikin yini guda na farko kawai, bayan nan ƙofar ta rufe. Shi ya sa ƙaramin da manyan suka danne ranar haihuwa bai samu ya sha ba yakan zama shi ne mai laulayi. Don haka in karya ta haihu, kada ka tsaya ƙirga su kawai, tabbatar kowanne ya kama nono a ranar. Bayan haka kuma, raunannen nan kai ne za ka zama mai raba masa gardama: kowace awa biyu ko uku ka janye manyan na ɗan lokaci, ka ba shi nonuwan baya, waɗanda suka fi kawo ruwa, dare da rana. Na san nauyin abin da na faɗa. Tashi ƙarfe biyu na dare cikin jaura saboda ɗan kare ba abu ne da za a yabe ka a kansa ba, kuma mutanen gida ma za su yi maka tsiya. Amma kwanaki ne ƙalilan, kuma a cikinsu ake tsira ko a rasa.

In uwar ta mutu, ko nononta ya ƙafe, sai a koma ga shayarwa da hannu, kuma a nan mutane suka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Nonon karya ya fi na saniya kauri nesa ba kusa ba, maiƙonsa da sinadarin gina jikinsa sun kai ninki biyu, zaƙinsa kuma bai kai na saniya ba. Madarar shanu tsurarta, ko madarar gari ta shayi, ba ta ƙosar da kwikwiyo, kuma takan sa shi zawo, zawo kuwa a jiki irin wannan ba ya kwana biyu. Akwai madarar da aka haɗa musamman don 'yan kwikwiyo, ana samunta a shagunan magungunan dabbobi na manyan garuruwa, ita ce daidai. In dare ya yi maka ko kana nesa da gari, za ka iya riƙe shi kwana ɗaya ko biyu da kofi guda na dafaffiyar madarar akuya ko ta saniya, a kaɗa gwaiduwar ƙwai biyu ko uku a ciki ba tare da farin ba, da cokali guda na man gyaɗa, kafin ka samo ta gaskiyar. Ka ɗumama ta, ka ɗiga a bayan hannunka ka ji ba ta ƙona ka. Ka kwantar da shi rub da ciki, kansa a ɗan ɗage, yadda yake kwanciya a jikin uwarsa, kada ka kuskura ka yi masa rigingine irin nawa. Ka yi amfani da ƙaramin bulumboti ko sirinjin da aka cire wa allura, ɗigo-ɗigo, yana haɗiyewa kana ƙarawa. Cikinsa ƙanƙane ne ƙwarai, abin da yake ɗauka bai wuce mililita 4 a kan kowane giram 100 na nauyinsa ba. Wanda ke da giram 300, ƙaramin cokalin shayi biyu da ɗan ɗigo ya cika shi taf. Gara kaɗan-kaɗan sau da yawa da a cika shi lokaci guda ya ƙware. In ka ga madara a hancinsa, tsaya nan take. In kuma kullum haka take fitowa ko a nonon uwarsa, buɗe bakinsa ka haska ganɗarsa, wani akan haife shi da tsaga a wurin, wannan kuwa sai likita.

Akwai wani aiki da uwa ke yi wanda ba kowa ke lura ba. Lasar da take yi musu a ƙarƙashin ciki da gindin wutsiya ba wanka kaɗai ba ce, ita ce ke sa su fitsari da kashi, domin har su kai kusan sati uku ba sa iya yi da kansu. Maraya ko wanda uwa ta yi wa watsi, in ba a yi masa wannan ba, sai cikinsa ya kumbura ya yi ta kuka ka rasa dalili. Bayan kowane shayarwa ka jiƙa auduga da ruwan ɗumi ka shafa masa wurin a hankali har ya yi. Kuma ka dubi audugar. Fitsarin jaririn kare mai lafiya kusan fari ne kamar ruwa. In ka gan shi rawaya sosai, ko ka taɓa dasashinsa ka ji yana danƙo ba laima, ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Cibiyarsa ma ka riƙa dubawa. Ya kamata ta bushe ta faɗi cikin kwana biyu zuwa uku. In ta yi ja, ta kumbura, ko tana tsattsafo da ruwa, cuta ta samu ƙofa.

Ido yana ruɗi, ɗana, musamman idon mai fata. Kullum za ka ga kamar ya ɗan ƙaru saboda kana so ya ƙaru. Nemi ɗan sikelin nan na kicin, ko ka ara wurin mai shago, ka riƙa auna kowannensu kullum a lokaci guda, ka rubuta a bayan kalanda. Kwikwiyo mai lafiya yana iya ɗan raguwa ranar farko, amma daga nan kullum sai ya ƙaru, har ya ninka nauyin haihuwarsa cikin kwana 7 zuwa 10. Wanda ya yi kwana biyu a tsaye wuri ɗaya, sikeli zai tona shi tun kafin ya fara kuka, kuma wanda aka gano a ranar ya fi wanda aka gano ya riga ya yi laƙwas sauƙin ceto. Idonsu yakan buɗe tsakanin kwana 10 da 14; kada ka sa hannu ka buɗe musu da ƙarfi don ɗoki.

Yanzu bari in ɗan ja kunnenka a kan uwar, don a nan nake ganin sakacinmu ya fi yawa. Mun saba kare shi ne mai cin ƙanzo da abin da ya rage a kwano, in bai samu ba ya je bola ya nema. Karyar da ta yi kwana 63 ko kusa da haka tana ɗauke da ciki, yanzu kuma baki bakwai na zuƙarta, tana bukatar ninki biyu zuwa uku na abincin da ta saba ci, kuma ba tuwo zalla ba: a sa mata romo, kan kifi, ƙwai, tarkacen nama daga mahauta, da ruwa mai tsabta a kusa da ita kullum. In ba ta ƙoshi ba, dole ta bar su ta fita yawon neman abinci, a nan ne sanyi ke samun ƙaramin. Sau nawa aka ce wai karya ta yi mugun hali ta gudu ta bar 'ya'yanta, alhali yunwa ce ta kore ta? Ka riƙa shafa nonuwanta. In ka ji ɗaya ya yi tauri da zafi, ko abin da ke fita ya canja launi, ko ita kanta ta ƙi abinci, tana zazzaɓi, wani ruwa mai wari na fita daga jikinta, ko tana rawar jiki tana tangaɗi, to ita ce marar lafiyar, kuma in ba a kai ta wurin likita ba za a rasa ta a rasa su.

Na san akwai wanda zai ce maka duk wannan wahala a kan najasa. Ba ni da hurumin fatawa, kuma ka koma wurin malaminka ka ji daga bakinsa, amma abin da muka taso muka ji a mazhabar Imamu Malik da yawancinmu ke bi shi ne, kare mai rai jikinsa ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai kuma bin umarni ne. Ajiye kare don farauta, ko tsaron dabbobi, ko gona, an yi izini da shi. Malaman Malikiyya ma suna ba da labarin Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, cewa da katangar gidansa ta faɗi ya ji tsoro sai ya ajiye kare don gadi. Kuma ka san hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, na mutumin da ya ga kare yana lallage harshe don ƙishirwa, ya sake sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro ya shayar da shi, Allah Ya gafarta masa saboda haka. Wancan karen ma ba nasa ba ne, a hanya ya gamu da shi. Naka kuwa kai ka kawo uwarsa gidanka, kai ka ɗaure ta, a ƙarƙashin rufinka ta haihu. Ba wanda ya tilasta maka kiwon kare, amma tunda ka ɗauka, amana ta hau kanka, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In tsarki ne damuwarka, ware musu wurinsu nesa da inda ake salla da girki, ka ware tufar da kake shiga wurinsu da ita, ka wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka fito. Wannan ko likita ma abin da zai ce maka ke nan.

Kuma ka sani yaranka suna kallonka. Yaron da ya ga ubansa ya ɗauki raunannen kwikwiyo da ransa ya jefa a kwata don ba shi da amfani, ya koyi wani darasi game da masu rauni, kuma ba a kan karnuka kaɗai zai yi aiki da shi ba. Duk mun sha ganin yara sun ɗaura wa ɗan kwikwiyo igiya a wuya suna ja a kan titi suna shewa, manya na zaune a majalisa ba mai cewa uffan. Ka sa naka su riƙe maka fitila in za ka shayar, su rubuta nauyi, su kawo ruwan ɗumi. Amma ka hana su yawan ɗauka da wasa da su, ka kuma hana baƙi da karnukan waje shiga wurin a makonni uku na farko, don akwai cutar da babban kare ke ɗauke da ita ba ta yi masa komai, amma in ta shiga cikin jarirai sai ta share su cikin 'yan kwanaki.

Akwai inda dabarar gida ke ƙarewa, kuma namiji shi ne wanda ya san wurin. In ka ɗumama shi amma ya ƙi kama nono, in ya yi ta kuka ba ƙaƙƙautawa bayan ya sha, in numfashinsa na fita da ƙyar ko da ƙara, in dasashinsa ya yi fari fat ko ya yi shuɗi-shuɗi, in zawo ya kama shi, to naɗe shi da robar ruwan ɗuminsa ka nufi asibitin dabbobi a ranar, kada ka ce sai gobe, don shi gobensa ba tabbas. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwanmu, akwai kuma na koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Abin da nake roƙonka da shi, kada ka buɗe akwatin maganin gida. Farasitamol da sauran magungunan ciwon jiki da muke sha kamar gyaɗa suna iya kashe ɗan kwikwiyo, haka allurar kaska da tsutsa da ake yi wa shanu da tumaki, haka maganin feshi na gona da wasu ke yi wa karnuka wanka da shi. Na ga wanda ya wanke kwiyakwiyai biyar da irin wannan don ya raba su da ƙuma, ya raba su da duniya.

In Allah Ya sa ya haye makonni biyun farko, kada ka saki jiki, abokan gaba ne kawai suka canja. Yawancin 'yan kwikwiyo da tsutsar ciki ake haifarsu, wata tun a mahaifa take shiga, wata ta nono. Ita ce ke sa ka ga ɗan kare da tulun ciki da siraran ƙafafu, gashi a hargitse, yana ci ba ya ƙiba. Ana fara ba su maganinta tun suna sati 2, a maimaita a sati 4 da 6 da 8, tare da uwar, da irin maganin da likita ya zaɓa kuma gwargwadon nauyinsu, ga amfanin sikelinka ya sake fitowa. Ƙwan wannan tsutsa yana zama cikin ƙasa inda yaranka ke wasa, yana kuma shiga jikin mutum, saboda haka kwashe kashinsu kullum kariya ce ga 'ya'yanka. Kaska da ƙuma kuwa jini suke sha, kuma wanda jininsa duka bai cika ƙaramin kofi ba, ba shi da na bayarwa. Ka bi kunnuwa da tsakanin yatsu ka cire da hannu. Da damina ka lura da wasu ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya, tsutsar wani ƙuda ce da ke yin ƙwai a ƙasa mai laimar fitsari; busasshiyar shimfiɗa ita ce maganin zuwanta.

Wajen sati 3 zuwa 4 za su fara lasar abinci mai ruwa-ruwa, amma kada ka raba su da uwarsu kafin sati 8, ko da mai saye ya matsa maka da kuɗi a hannu. Samarin yanzu da ke sayen karnukan Turawa da tsada, rabin kukan da suke kawowa daga nan yake: an ciro ɗan kare yana wata ɗaya, ba rigakafi, an sa shi a kwali an yi doguwar tafiya da shi a mota. Daga sati 6 zuwa 8 ake fara allurar rigakafi, a maimaita yadda likita ya tsara, musamman saboda cutar nan ta amai da zawon jini mai ƙarni da ake kira fabo, wadda ta bayyana a duniya wajen 1978, kuma ƙwayarta kan yi watanni a ƙasar gida tana jiran na gaba. Ka tabbata allurar daga cikin sanyi ta fito. Wadda aka yi yawo da ita a aljihu cikin rana ruwa ce kawai. In ya kai wata 3 kuma sai ta haukan kare, wadda cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos, da ke wurin tun 1924, tana cikin masu yin ta. Wannan ba don karen kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma yara ne kaso mai yawa a ciki. Ɗan kwikwiyo ma yana iya ɗauke da ita. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti, ba a tsaya neman gashin karen ba.

Zan faɗa maka wata gaskiya don kada ta zo maka ba shiri. Wani za ka yi masa duk abin da na lissafa, ka hana idonka barci, ka kashe kuɗin mota da na likita, ya mutu a hannunka. Akwai wanda aka haifa da nakasa a zuciya ko a hanji da ba mai gani, akwai wanda cuta ta riga ka isa. In haka ta faru, kada ka zauna kana tuhumar kanka, kuma kada ka ce da ka sani da ba ka wahala ba. Wahalar tana rubuce a inda ba ta ɓata. In likita ya ce maka babu sauran fata sai azaba, ka bar shi ya sauƙaƙa masa. Ka haƙa rami mai ɗan zurfi ka binne shi, kada ka jefar a bola inda wasu karnuka za su tono. Sannan ka canja shimfiɗa, ka wanke wurin, ka juyo kan sauran da ido biyu, don abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Yanzu dai dare ya fara yi, kuma na ji iskar nan ta taso. Tashi ka ɗauki fitila ka je wurinsu, ɗana, ka sa hannu ka taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka samu a gefe, sa masa yatsa a baki. In ka ji sanyi, ɗaga rigarka.